Sassauƙan Hanyoyin Samun Kiredit ga Ɗaliban Babbar Sakandare: Nazari a kan 'Ya'yan Hausawa Mazauna Ketu da Agege a Jihar Legas

1.0 Gabatarwa

A tsarin iliminmu, makomar ɗalibin babbar sakandare ta rataya ne a kan sakamakon jarrabawar kammalawa. Wanda ya sami kiredit biyar a darussan da suka dace, ƙofar jami'a a buɗe take gare shi. Wanda kuwa ya bar aji kafin ranar jarrabawa, ko da ya shafe shekara biyu da rabi yana zuwa makaranta, babu wata takarda da za ta shaidi wahalar da ya sha ko ilimin da ya samu. An gina wannan tsari ne bisa zaton cewa kowane ɗalibi zai zauna a gari ɗaya, a makaranta ɗaya, har tsawon shekara uku ba tare da yankewa ba. Sai dai akwai al'ummomi da dama a Nijeriya waɗanda rayuwarsu ba ta tafiya a kan wannan zato.

Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikin irin waɗannan al'ummomi, wato Hausawa da masu magana da Hausa mazauna Ketu da Agege a Jihar Legas. Za mu fayyace ma'anar kiredit, mu bibiyi hanyoyin samunsa da ake da su a halin yanzu, sannan mu tsaya a kan matsayin darasin Hausa. Daga ƙarshe za mu gabatar da shawarwari ga malamai da masu tsara manhaja.

2.0 Yanayin Al'ummar da Ake Nazari

Zaman Hausawa a ƙasar Ikko tsohon abu ne, amma ya ƙara ƙarfi bayan layin dogo ya haɗa Legas da Kano a shekarar 1912. Agege na kan wannan layi, kuma a da kewayenta gonakin goro ne, don haka fatake suka yi zango a wurin, zangon ya zama unguwa mai sarkinta da masallatanta da makarantun allonta. A yau akwai iyalai a Agege da suka kai zuriya ta uku ko ta huɗu a can. Mayankar Oko-Oba da cinikin dabbobi sun ƙara jawo mutanen Arewa zuwa yankin.

Ketu kuwa, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Kosofe, abin da ya tara jama'armu a cikinta shi ne kasuwar Mile 12, inda ake sauke tumatir da attaruhu da tattasai da albasa da sauran kayan gwari da ake yi wa lodi daga Arewa. Manyan motoci kan iso cikin dare ko da asuba, saboda haka aikin sauke kaya da dillanci da dako ya fi zafi a daidai lokacin da ake buga ƙararrawar shiga aji.

Idan muka dubi matasan da shekarunsu suka kai na babbar sakandare a waɗannan unguwanni, za mu iya kasa su gida huɗu:

(a) Haifaffun Legas, waɗanda ke zuwa makarantun gwamnati ko masu zaman kansu, suna jin Hausa da Yarabanci da Turancin buroka.

(b) 'Yan ci-rani, waɗanda kan zo bayan an kawar da amfanin gona, su koma gida da faɗuwar damina.

(c) Ɗaliban makarantun allo da Islamiyya da na Larabci, waɗanda wasunsu sun yi nisa a karatu amma ba su riƙe da takardar boko.

(d) Waɗanda karatunsu ya yanke, kamar 'yan matan da aka aurar kafin su gama, da samarin da suka kama sana'a, da waɗanda wani rikici ko sauyin doka ya tayar. Rikicin Mile 12 na watan Maris 2016, wanda ya sa aka rufe kasuwar na wani lokaci, da haramta acaɓa a wasu ƙananan hukumomin jihar a 2022, misalai ne na abubuwan da kan sa iyali su tattara su koma Arewa a tsakiyar zangon karatu.

Ya kamata a lura cewa jarrabawar WAEC ta 'yan makaranta kan faɗo ne wajajen watan Mayu da Yuni, ta NECO kuma Yuni da Yuli. Wannan shi ne ainihin lokacin shuka da noman farko a ƙasar Hausa. Ke nan ɗan ci-rani yana gona a ranar da takwarorinsa ke ɗakin jarrabawa.

3.0 Ma'anar Kiredit

Kalmar kiredit tana da ma'ana biyu a fagen ilimi, kuma rashin bambance su kan kawo ruɗani wajen tsara manhaja.

A Amurka, kiredit ma'auni ne na abin da ɗalibi ya kammala. Tun 1906 Gidauniyar Carnegie ta ƙayyade cewa awa 120 na zama a aji a kan darasi guda shi ne awo ɗaya. Ɗalibi na tara waɗannan awo shekara bayan shekara, in ya sauya makaranta ya tafi da abinsa, har ya cika adadin da ake buƙata.

A Nijeriya kuwa, kiredit daraja ce ta sakamako a jarrabawar ƙarshe. Daga A1 zuwa C6 kiredit ne, D7 da E8 tsira ce kawai, F9 faɗuwa. Ɗalibi kan zauna wa darussa takwas ko tara a lokaci guda. Jami'o'i na neman kiredit biyar, ciki har da Turanci. An daɗe ana haɗawa da Lissafi ga kowa da kowa, sai a watan Oktoba 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sassauta wannan sharaɗi ga masu neman fannonin adabi da fasahar harshe, ta bar shi a kan masu neman kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa.

Gaskiya ne tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiwatarwa a 1982, ya shigo da gwajin bi-da-bi, wanda malamai ke kira C.A., kuma yana ɗaukar kashi 30 cikin 100 na makin jarrabawar 'yan makaranta. Amma wannan maki a hannun makaranta yake, kuma ba ya da wani amfani shi kaɗai sai an haɗa shi da kashi 70 na jarrabawar ƙarshe. Yaron da ya yi aji ɗaya a Funtuwa, ya yi aji biyu a Ketu, yakan tarar makinsa ya warwatse tsakanin makarantu biyu. Daɗin daɗawa, hukumomin ilimi na tsaurara karɓar sabon ɗalibi a aji uku domin toshe satar jarrabawa. Manufar mai kyau ce, amma tana shafar wanda ƙaura ta gaskiya ta kawo shi.

4.0 Hanyoyin da Ake da Su

Duk da wannan tsauri, tsarinmu na da ƙofofi da dama waɗanda iyaye da ɗalibai da yawa ba su san da su ba.

4.1 Haɗa Sakamakon Zama Biyu

Yawancin manyan makarantu na karɓar kiredit biyar da aka samu a zama biyu, ko da ɗaya na WAEC ne ɗaya na NECO. Kafin kafa NECO a 1999, wadda ta gudanar da jarrabawarta ta farko a 2000, WAEC ce kaɗai ke shirya wannan jarrabawa. Samuwar hukumomi biyu ta ba ɗalibi damar raba nauyinsa: ya ci uku bana, ya cike biyu baɗi. Sai dai wasu jami'o'i ba sa karɓar zama biyu a fannoni irin su likitanci, don haka wajibi ne malami mai ba da shawara ya faɗa wa ɗalibi haka tun da wuri.

4.2 Jarrabawar Masu Zaman Kansu

Wannan ita ce wadda jama'a suka fi sani da GCE. Ba ta buƙatar makin C.A. ko shaidar wata makaranta, kuma mai zama shi ke zaɓar darussansa. WAEC da NECO duk suna yin ta a ƙarshen shekara, sannan daga 2018 WAEC ta ƙara wani zagaye a watannin Janairu da Fabrairu, wanda ta mayar na kwamfuta a 2024. Waɗannan lokuta sun dace da ɗan ci-rani, domin a lokacin yana Legas. Matsalolinta su ne kuɗin rajista, da rashin malamin da zai shirya ɗalibi, da kuma rashin sabo da kwamfuta ga wanda bai taɓa amfani da ita ba.

4.3 Hanyar Sana'a

An kafa NABTEB a 1992 domin jarrabawar fasaha da kasuwanci, kuma ana karɓar takardunta wajen neman shiga manyan makarantu. Manhajar babbar sakandare ta 2011 ta shigo da darussan sana'a guda 34, kafin garambawul na 2025 ya rage su zuwa shida, waɗanda suka haɗa da kiwon dabbobi, da ɗinki, da gyaran wayar hannu da kwamfuta, da aikin lambu, da haɗa na'urar hasken rana. Duk wanda ya san Agege da Ketu ya san cewa yara da yawa na yin waɗannan sana'o'i a aikace a gaban iyayen gidansu. Har ila yau, hukumar NBTE da ke Kaduna na kula da tsarin ƙasa na auna ƙwarewar sana'a, wanda ya yarda a gwada mutum a kan abin da ya koya a wajen makaranta a ba shi shaida. Abin da ya rage shi ne gadar da za ta haɗa wannan shaida da takardar sakandare.

4.4 Hanyar Larabci da Addinin Musulunci

Hukumar NBAIS ta samo asali ne tun 1960 a zamanin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta daɗe a ƙarƙashin Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, kafin Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince da ita a matsayin hukumar jarrabawa ta ƙasa a 2011. Jarrabawarta ta haɗa Larabci da darussan addini da haddar Alƙur'ani da kuma darussan boko. Agege gari ne mai tushe a karatun Larabci, domin a nan Markaz ɗin Shaihu Adamu Abdullahi al-Iluri ya kafu tun shekarun 1950. Ga ɗaliban rukuni na (c), wannan ce hanya mafi kusa, muddin makarantarsu ta yi rajista da hukumar, ta kuma samar da malaman Turanci da Lissafi.

4.5 Ilimin Manya da Makarantun Dama ta Biyu

Jihar Kano ce ta fara kafa hukumar ilimin manya a 1980, Gwamnatin Tarayya ta kafa tata a 1990. Jihar Legas ma na da irin wannan hukuma, kuma tana da makarantar sakandare ta musamman a Agboju domin matan da karatunsu ya yanke. Sai dai Agboju na da nisa ƙwarai daga Ketu da Agege, kuma matar aure mai goyo ba za ta iya ratsa cunkoson Legas kullum ba.

5.0 Matsayin Darasin Hausa

Hausa darasi ne a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, kuma kiredit a cikinsa na shiga lissafin biyar ɗin nan ga mai neman fannonin harshe da adabi da makamantansu. A zahiri, wannan ne kiredit da ya fi kusa da hannun ɗan Ketu ko Agege. Amma makarantun da ke koyar da Hausa a Legas ba su da yawa, kuma ɗalibi ba ya iya yin rajistar darasi a jarrabawar 'yan makaranta idan makarantarsa ba ta koyar da shi, tunda babu makin C.A. da za a tura. Saboda haka ƙofar da ta rage masa ita ce jarrabawar masu zaman kansu.

A nan ne ya kamata mu yi hattara da zaton cewa mai jin Hausa zai ci jarrabawar Hausa kai tsaye. Jarrabawar ta ƙunshi insha'i, da auna fahimta, da fassara, da tsarin sauti, da nahawu, da adabin baka, da rubutaccen adabi mai zaɓaɓɓun littattafai, da kuma al'adu. Yaron da bai taɓa rubuta Hausa a aji ba zai yi tuntuɓe a wurare sanannu: baƙaƙe masu lanƙwasa (ɓ, ɗ, ƙ), da ƙa'idar haɗa kalmomi da raba su, da bambanta dogon wasali da gajere. Hausar da ya saba gani a rubuce ita ce ta saƙon waya, wadda ba ta kula da ɗaya daga cikin waɗannan.

Haka kuma kasuwa mahaɗar kare-karen harshe ce. Basakkwace zai ce "munka zo" inda daidaitacciyar Hausa ke cewa "muka zo". Wanda ya fara karatu a Maraɗi ya saba rubuta ƴ inda ake rubuta 'y a Nijeriya. Akwai kuma Barebari da Fulani da Nufawa da Zabarmawa waɗanda Hausa harshe na biyu ce gare su. A ɓangaren al'adu, haifaffen Agege na iya sanin bikin aure da suna, amma bai taɓa ganin gayya ko kalankuwa ko marina ba, alhali ana tambaya a kansu.

Sai kuma batun Yarabanci. A watan Fabrairu 2018 Gwamna Akinwunmi Ambode ya sanya hannu a dokar kare harshen Yarabanci da bunƙasa shi, wadda ta wajabta koyar da shi a makarantun jihar, ta kuma tanadi kiredit a cikinsa ga masu neman shiga manyan makarantu mallakar jihar. A ganinmu bai dace a ɗauki wannan a matsayin kishiyar Hausa ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa tun 1977 ta ƙarfafa wa yaro gwiwar koyon wani babban harshen Nijeriya ban da nasa, kuma cuɗanyar harsunan biyu daɗaɗɗiya ce, kamar yadda kalmomin agogo da akawu da ashana ke shaidawa. Haifaffen Legas mai jin harsunan biyu na iya neman Yarabanci a makaranta, ya nemi Hausa a zama na biyu.

6.0 Abin Koyi daga Wasu Ƙasashe

Indiya ta kafa buɗaɗɗiyar makarantar sakandare ta ƙasa a 1989, wadda aka sauya wa suna zuwa NIOS a 2002. Wanda ya yi rajista da ita na da shekara biyar da damar zama har sau tara, yana cin darussa ɗaya bayan ɗaya ana ajiye masa, har ya cika biyar a ba shi takarda guda. A Amurka, Jihar New Hampshire ta sauya dokarta a 2005 domin a riƙa ba da kiredit bisa ƙwarewar da ɗalibi ya nuna maimakon awoyin da ya zauna. Jihar Kalifoniya kuma ta fara buga hatimi na musamman a takardar ɗaliban da suka ƙware a harshe biyu a 2012, abin da ya ɗaga darajar harsunan gida na 'ya'yan baƙi.

Sai dai sassauci na da haɗarinsa. A ƙasarmu mun san cibiyoyin da ake biyan kuɗi a tabbatar wa ɗalibi da kiredit ko bai karanta komai ba. Idan aka buɗe hanyoyi ba tare da sa ido ba, marasa galihu ne za su fara faɗawa hannun irin waɗannan, su fito da takardar da ba ta da ilimi a bayanta. Ƙa'idar da muke bi ita ce a sassauta lokaci da wuri da hanyar koyo, amma ma'aunin cin jarrabawa ya zauna yadda yake ga kowa.

7.0 Shawarwari

(i) A sake fasalta manhajar Hausa ta babbar sakandare zuwa rukunai shida masu cin gashin kansu: ƙa'idojin rubutu da tsarin sauti, nahawu, insha'i da fassara, adabin baka, rubutaccen adabi, al'adu. Kowane rukuni ya zama wanda za a iya gamawa cikin makonni goma zuwa sha biyu, da gwajinsa a ƙarshe. Abin da ke cikin manhajar ba zai ragu ba, jerinsa ne kawai zai sauya.

(ii) A fara da gwajin tantance matsayi, domin a raba mai Hausa a matsayin harshen uwa da mai ita a matsayin harshe na biyu, a kuma gane wanda ya iya ajami. Wanda ya saba da ajami ya riga ya san bambancin dogon wasali da gajere, don haka malami ya ɗora daga nan.

(iii) A samar da katin maki na ɗalibi wanda zai bi shi duk inda ya koma, a ɗaure shi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda JAMB ta wajabta tun 2021. Wannan na buƙatar fahimtar juna tsakanin ma'aikatun ilimi na Legas da na jihohin Arewa.

(iv) A buɗe azuzuwan yamma da na ƙarshen mako a cikin unguwannin, tare da haɗin gwiwar sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da makarantun Islamiyya, waɗanda ɗakunansu kan kasance babu kowa a wasu sa'o'i. A sanya darasi tsakanin La'asar da Magariba ko bayan Isha'i, a ware na mata dabam. A tsara zangon karatu daga Nuwamba zuwa Afrilu saboda 'yan ci-rani.

(v) A nemo masu takardar NCE ko digiri a Hausa, har da masu yi wa ƙasa hidima da aka turo Legas, a ba su horo a kan koyar da harshe ga 'ya'yan mazauna waje.

(vi) A shigar da rayuwar ɗaliban cikin kayan koyarwa. Insha'i a kan tafiyar kwandon tumatir daga Kadawa zuwa Mile 12, ko fassarar takardar yarjejeniyar haya, ko tattara kirarin mahauta da karin maganar 'yan kasuwa, duk ayyuka ne da ke cika manufofin manhaja. A ɓangaren al'adu kuma a yi amfani da hotuna da bidiyo da dattawan unguwa.

(vii) Hukumomin jarrabawa da NERDC su yi nazarin yiwuwar tara kiredit a zama fiye da biyu cikin ƙayyadaddun shekaru ga ɗalibai masu zaman kansu, kamar yadda ake yi a Indiya.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa kiredit a Nijeriya sakamakon zama guda ne ko biyu, kuma wannan na barin 'yan ci-rani da ɗaliban Islamiyya da waɗanda karatunsu ya yanke a baya. Mun kuma ga cewa akwai hanyoyi biyar da ake da su, sai dai a warwatse suke, kuma darasin Hausa, wanda ya fi kusa da waɗannan ɗalibai, ba shi da malami a yawancin makarantunsu. Shawarwari na (i) da (ii) da (vi) suna hannun malamai da masu tsara manhaja, ana iya fara su ba tare da jiran sabuwar doka ba. Sauran kuwa na buƙatar hukumomi su zauna tare. Muna ba da shawarar a fara gwada tsarin rukunan nan shida a cibiya ɗaya a Ketu da ɗaya a Agege na tsawon shekara biyu, a auna sakamakon ɗaliban a jarrabawar masu zaman kansu, kafin a faɗaɗa shi zuwa Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago da sauran zangunan Hausawa na Kudu.